Rahoton Kwamiti Kan Kammala Gyaran Makarantar Firamare ta Garinmu

Kwamitin gudanar da makaranta yana sanar da Mai Girma Dagaci, masu unguwanni, limamai, iyayen yara da 'yan asalin garin nan mazauna birni cewa an kammala gyaran da aka ɗora mana, bayan iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa har karatu ya koma gindin darbejiya.

An sauke tsohon kwano, aka sauya katakon da gara ta cinye, aka buga sabon rufi tare da ɗaure shi da rodi a jikin bango, sannan aka yi daɓen siminti, aka sa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Matasa ne suka ɗebo yashi da ruwa a amalanke ta hanyar gayya, shi ya sa gudummawar jama'a ta tafi ga siminti da kwano da ladan birkila da kafinta kawai. Rasidin kowace sayayya yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Abin da kwamiti ya fi daɗewa yana shawara a kansa shi ne banɗakin 'yan mata. Wasu sun so a kashe ragowar kuɗin wajen fenti da ofishin hedimasta, amma da muka zauna da ƙungiyar iyaye mata, sai suka nuna mana cewa ba talla kaɗai ke fitar da yarinya daga aji biyar ko shida ba, domin da zarar ta fara girma, kunya ba za ta bar ta ta yini inda babu wurin kewayawa a asirce ba, kuma uwarta ba za ta tilasta mata ba. Mun ga gaskiyarsu. An gina banɗakin nesa da na maza, da katanga da sakata ta ciki, aka kuma gyara famfon burtsatse don kada ruwa ya yanke.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, mace ko namiji, karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Muna roƙon limamai su tunatar da iyaye wannan haƙƙi a huɗuba.

Har yanzu 'yan aji ɗaya a tabarma suke zama, kuma makarantar ba ta da malama mace, wadda iyaye suka fi sakin jiki da ita. Mun rubuta wa Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma kan buƙatun biyu. Rajistar sabbin ɗalibai tana gudana a makaranta kowace safiya, daga Litinin zuwa Juma'a.