Amsa Ga Malamar Da Ta Tambaye Ni Dalilin Sassaƙa Katako

Malama,

Assalamu alaikum. A wajen baje kolin littattafai kin tashi a gaban jama'a kin tambaye ni me ya sa har yau nake sassaƙa katako in buga zanen littafi da baƙar tawada, alhali kwamfuta za ta ba ni kala iri-iri cikin minti kaɗan. Lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba.

Idan aka shafa wa allon katako tawada aka danna takarda a kai, wuƙa ba ta taɓa shi ba, baƙi ƙirin zai fito. Duk hasken da kika gani a shafin, sai da aka rarake shi da hannu, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa. Ga shi katako na da gardama. Layi yakan fito da kaushi, wani wurin ya tsage. Dole mai zane ya haƙura da ado, ya tsaya a kan ƙashin kunci, ramin ido da jijiyar hannu.

Käthe Kollwitz, mai zane 'yar Jamus, ta rasa ɗanta Peter a fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Oktoban 1914, yana da shekara 18. Ta gwada zana baƙin cikin yaƙi a kan ƙarfe da dutse, hankalinta bai kwanta ba, sai da ta koma katako ta fitar da zane bakwai. Akwai na iyaye biyu a durƙushe, sun rungume juna sun zama dunƙule ɗaya. Ba a ganin fuskar uwar. Uban ya rufe tasa da tafin hannu, yatsun manya-manya, farare. Wallahi duk lokacin da na kalle shi sai na daɗe ban yi magana ba.

Shi kuwa Otto Dix, wani mai zanen ɗan Jamus, a zane 50 na yaƙi da ya buga a 1924, ruwan asid ya bari ya ci farantin ƙarfe har fatar gawa ta fito a ruɓe. Frans Masereel ɗan Beljiyam ma a 1918 ya fitar da littafi mai zanen katako 25, babu rubutun labari, amma mai buɗawa yana bin wahalar wani ma'aikaci har zuwa kisansa.

Ban raina kwamfuta ba, Malama, da ita nake tsara shafi. Amma fuskar uwar da yunwa ta ɗauke wa ɗa, ban yarda in zana ta a inda zan iya gogewa in sake sau goma ba.

Na gode da tambayarki.