Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Staffordshire Ta Kudu Kan Crooked House

Mai girma Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan Crooked House (wato Karkataccen Gida) da ke Himley, kusa da Dudley, mashayar da gobara ta cinye ranar 5 ga Agustan 2023, aka kuma kawo motar rusau ta baje abin da ya rage bayan kwana 2 kacal.

Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ban zo yabon ta ba. Amma duk wanda ya zauna a ƙauyen Ingila ya san mashaya ita ce dandalin gari: nan ake shagalin aure, nan ake haɗuwa bayan jana'iza, nan tsohon da 'ya'yansa suka watse yake samun mai tambayar lafiyarsa.

A 1765 aka gina ta a matsayin gidan gona, ta koma mashaya wajen 1830. Haƙar kwal da aka yi a ƙarƙashinta ta sa ƙasa ta lotsa, har ɓangare ɗaya ya nutse fiye da mita 1. Shi ya sa a da baƙo kan ga ƙwallon gilashi tana gangarawa kamar mai hawa tudu, ya riƙe baki. Wannan karkacewar shaida ce ta gumin mahaƙan yankin. A shekarun 1940 ma an yanke mata hukuncin rushewa, kamfanin Wolverhampton and Dudley Breweries ya tokare ta da ginshiƙai, ta sake tsayawa shekara kusan 80. Sai ga shi makonni kaɗan bayan kamfanin Marston's mai mashayar ya sayar da ita, ta zama tarin ɓaraguzai.

Kun yi abin a yaba a Fabrairun 2024 da kuka ba da umarnin a sake gina ta cikin shekara 3. Masu wurin sun ɗaukaka ƙara, kuma jan lokaci kan sanyaya gwiwa. Don Allah kada ku sassauta. Majalisar ƙaramar hukumar Westminster ta tsaya kai da fata kan mashayar Carlton Tavern da aka rushe a Landan a 2015, har aka mayar da ita, ta buɗe a 2021.

Abin da ya fi ci mini rai, Crooked House ba ta cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Ku zagaya ƙauyukanku, ku tantance sauran tsofaffin mashayun, ku miƙa sunayensu ga Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, tun kafin a sa su a kasuwa.

Naku,
Wani mazaunin Dudley