Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Jirgin Maganaɗisu na Shanghai

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke tafiyar da Maglev, jirgin ƙasan nan na Shanghai mai tafiya da ƙarfin maganaɗisu,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan alheri.

Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, harkar yadi da kayan ɗinki nake yi, kuma ita ce ke kai ni ƙasarku ta Sin. Na rubuta wannan wasiƙa a fili, da harshena, don 'yan'uwana masu zirga-zirgar Yiwu da Guangzhou su ma su shaida, tunda yaba kyauta tukuici.

Abin da ya jawo ta shi ne tafiyar da muka yi da kawuna, yayan mahaifiyata, wanda a hannunsa na koyi ciniki. Ya haura shekara 70, gwiwa ta fara damunsa, amma ya kafe sai ya ga kasuwar Yiwu da idonsa, wai ya gaji da jin labarin inda kayan shagonsa ke fitowa daga bakin yara. Jirginmu ya sauka a filin jirgin sama na Pudong a makare, ga kuma tikitin jirgin ƙasan Yiwu a hannunmu, wanda zai tashi daga tashar Hongqiao. Duk wanda ya san Shanghai ya san abin da ke gabanmu: Pudong na can gabas a bakin teku, Hongqiao na yamma, faɗin birnin gaba ɗaya na tsakani. Shiga tasi a irin wannan lokaci caca ce da cunkoso. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 kuwa yana zuwa har filin jirgin tun 2010, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai tasha-tasha yake tsayawa. Sai muka bi alamar Maglev, wanda ke ɗauko mutum daga filin jirgin ya sauke shi a tashar Longyang Road, daga nan mu ƙarasa Hongqiao a jirgi mai lamba 2.

Godiyata ta farko ga baiwar Allah mai sayar da tikiti ce. Na miƙa mata kuɗin mutum biyu a kan yuwan 50 kowanne, kamar yadda aka rubuta. Maimakon ta karɓa ta sallame mu, sai ta dubi kayanmu, ta nuna mini hoton takardar shiga jirgin sama da ke liƙe a gaban teburinta. Da na zaro namu, ta duba kwanan wata, ta yanka mana a kan yuwan 40, ta maido mini canji. Ƙa'idarku ce cewa wanda ya hau jirgin sama a ranar yana da wannan rangwame. Amma ƙa'ida a takarda daban, ma'aikacin da zai tuna wa baƙon da bai tambaya ba daban. Yuwan 20 ba za su azurta ni ba, ba kuma za su talauta ku ba, sai dai mu 'yan kasuwa a irin wannan wurin muke auna mutum.

Na biyu shi ne saurayin da ke wurin na'urar binciken kaya. Ya lura Kawu na ɗingishi, ya karɓi jakarsa ba tare da an roƙe shi ba, ya kai mu har cikin tarago, ya zaunar da shi kusa da taga. Ya yi wata magana a rediyon hannunsa, ban ji abin da ya ce ba, amma da muka isa tashar Longyang Road sai ga wani abokin aikinsa a bakin ƙofa yana jiranmu. Shi ya sauko da mu ta lif, ya raka mu har mashigar jirgi mai lamba 2. Kawu ya sa hannu a aljihu zai ba shi na goro, yaron ya ɗaga hannu biyu yana murmushi, ya ja da baya. Kawu ya juyo ya ce mini, "Kai, tunda ya ƙi karɓa, in mun koma gida ka rubuta musu." Umarnin da nake cikawa ke nan.

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwana da ba su taɓa hawa ba, domin tambayar da Kawu ya yi mini a bakin dandali ita kowa ke yi. Ya sunkuya ya leƙa ƙasan jirgin, ya ce, "Yaro, ina ƙafafunsa?" Na ce, "Kawu, ai ba shi da su."

Titin nasa ba dogo ba ne irin wanda muka sani. Doguwar gada ce ta kankare da ƙarfe a kan ginshiƙai, tsawon kimanin kilomita 30. Ƙasan jirgin na da hannaye da suka lanƙwaso suka rungumi gefen titin ta ƙarƙashi. A jikin hannayen akwai mayen ƙarfe mai aiki da lantarki, wanda ke jan kansa sama zuwa ga ƙarfen da ke ƙarƙashin titin, da haka jirgin ke ɗagowa. Amma ba a barin su haɗu. Akwai na'urori da ke auna tazarar ba ƙaƙƙautawa, suna ƙara wuta suna ragewa, don ta tsaya a kan kimanin milimita 10. Abin da ya fi burge ni shi ne, injin da ke tafiyar da shi ba a cikin jirgin yake ba, a shimfiɗe yake a jikin titin daga farko har ƙarshe. Ana sakar wa titin wuta sashe-sashe, inda jirgin yake kawai, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa gudu gaba yana janye da shi. In za a tsaya, wannan ƙarfin ake juyawa ya zama birki. Akwai kuma batura a cikin jirgin da za su riƙe shi a sama ko da wuta ta ɗauke. Da na gama kwatanta wa Kawu, ya yi shiru, can ya ce, "Wato dai a nan hanya ce ke jan mota. Ikon Allah."

Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana bin jirgin Kano zuwa Ikko, abin da ya fi ba shi mamaki rashin ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ne. Akwai ɗan kaɗawa da gunjin iska, amma babu ƙwaram-ƙwaram. A saman ƙofar tarago akwai allo mai nuna lokaci da gudun jirgi, kowa ya zuba masa ido yana ɗaukar hoto. A kwana kuwa titin a karkace yake, sai ka ga gidaje da gonaki sun jirkice ta taga alhali kai ba ka zame daga kujera ba. In kuka yi kiciɓis da ɗan'uwansa mai dawowa, wani ƙara za ka ji, fat, kafin ka waiga ya wuce.

Fasahar ta Jamusawa ce, Transrapid, aikin kamfanonin Siemens da ThyssenKrupp, kuma tunanin ya daɗe, don tun 1934 wani injiniyan Jamus mai suna Hermann Kemper ya yi rajistarsa. An fara ginin layin a 2001. A ranar 31 ga Disamba 2002 firaministan Sin na lokacin, Zhu Rongji, da shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder suka hau shi tare, sannan a 2004 ya fara jigilar jama'a sosai. A wani gwaji a Nuwamba 2003 ya kai kilomita 501 a awa. Su kansu Jamusawan sun soke nasu shirin na filin jirgin Munich a 2008 saboda tsada, layin da aka so a miƙa zuwa Hangzhou ma bai tabbata ba. Saboda haka ku kaɗai kuka rage kuna ɗaukar fasinja da wannan samfurin, shekara sama da 20, a kan ƙasar Pudong mai laushi da sai da aka kafa turaku masu zurfi kafin ta riƙe ginshiƙan. Kula da titin da ake auna daidaitonsa da milimita a irin wannan ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma masu yin sa ba a ganinsu. Su ma ina gaishe su.

Na san abin da wasu abokaina ke cewa. Da can allon nan yana kaiwa 431, ni ma na gani da idona, amma tun 2021 an tsayar da shi a 300, alhali jirgin Beijing zuwa Shanghai mai ƙafafu yana yin 350. Suna kuma cewa Longyang Road ba tsakiyar gari ba ce, dole ka sake hawa wani abin. Duka gaskiya ne. Sai dai a lissafina, da minti 7 da daƙiƙa 20 da tafiyar ke ɗauka a da, da kuma minti 8 da 'yan kai na yanzu, bambancin bai kai a ɗaga murya a kansa ba. Abin da matafiyi ke saye da kuɗinsa shi ne tabbaci: jirgi ya tashi a lokacin da aka rubuta, ya isa a lokacin da aka rubuta. Wannan kuwa ban taɓa samunku da saɓa shi ba. Kuma a Longyang Road layuka huɗu ne suka haɗu, na 2 da 7 da 16 da 18, don haka ba a daji ake sauke mutum ba. Mu dai ya rage mana kusan rabin awa, kuma da ita muka samu jirgin Yiwu, har Kawu ya yi alwala a natse kafin a buɗe ƙofa.

Ga mai niyyar hawa: kada ka yar da takardar shiga jirgin samanka, ka riƙe ta a kusa. In za ka dawo ta Pudong cikin mako guda, akwai tikitin zuwa da dawowa a kan yuwan 80. In kana da sarari, a ƙasan tashar Longyang Road akwai ɗan gidan tarihi da ke nuna yadda abin ke aiki, ya cancanci a leƙa.

Roƙona ɗaya gare ku: jirginku ba ya kwana yana aiki, mu kuwa da ke tahowa daga Afirka ta Dubai ko Doha ko Addis Ababa, wani lokaci cikin dare muke sauka. In da hali, a duba yiwuwar ƙara lokaci. Sannan don Allah a isar da gaisuwar Kawu ga mai tikitin nan da samarin biyu.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano