Gudunmawar Sojan Ruwa a Yaƙin Basasa da Nauyin da Ta Bar Mana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na yaƙin basasar Najeriya da ba a cika ambatonsa ba. Duk ranar 15 ga Janairu, idan aka yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, hirar takan tsaya ne a kan faɗan da aka gwabza a Enugu da Onica da Owerri, sai ka ce ba a harba ko harsashi ɗaya a kan ruwa ba. Ni tsohon sojan ruwa ne, na yi aiki a ɗakin injin ɗaya daga cikin jiragen yaƙinmu a wancan lokaci, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a faɗi abin da muka yi da abin da ya jawo.

Rundunar sojan ruwa ba ta wuce shekara 11 da kafuwa ba sa'ad da yaƙi ya ɓarke, domin a 1956 aka kafa ta. Jiragenmu ba su taka kara sun karya ba. Babban cikinsu shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan, Kyaftin Nelson Soroh yana jagorantarsa, sai NNS Ogoja da NNS Lokoja mai sauke dakaru a gaɓa, da wasu 'yan ƙanana na sintiri. Shugaban rundunar kuwa shi ne Joseph Wey. Da wannan ɗan ƙarfi aka umarce mu mu toshe duk hanyoyin ruwa na yankin Gabas, bayan da Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara a ranar 30 ga Mayu, 1967.

A ƙarshen watan Yuli na shekarar ne muka kwashi dakarun Benjamin Adekunle daga Legas muka sauke su a tsibirin Boni, inda ake loda wa jirage ɗanyen mai. Wanda bai san ruwa ba zai ɗauka tafiya ce kawai, alhali shiga bakin kogin nan da manyan jirage kasada ce babba, saboda mashigar ƙunci gare ta, tudun yashi yana ɓoye a ƙarƙashin ruwa, kuma dole a daidaita lokacin shiga da cikar teku, in ba haka ba jirgi ya kafe ya zama abin hari. A nan ne aka nutsar da jirgin Ibadan, wanda tun farko namu ne kafin waɗanda suka ɓalle su tafi da shi, kuma mutanen da ke cikinsa da yawa tare aka horar da mu. Bayan Boni sai Kalaba a watan Oktoba, sannan Fatakwal ta faɗi a watan Mayun 1968. Daga ranar Biyafara ta rasa teku gaba ɗaya, ta rasa kuɗin mai, ta koma dogaro da jiragen sama masu sauka da dare a filin Uli. A ganina, tun a lokacin aka yanke wa yaƙin hukunci, ko da yake an ci gaba da zubar da jini har Janairun 1970.

Matasa sukan tambaye ni yadda fagen fama yake, amsata kuma ba ta gamsar da su. Mutumin ɗakin inji ba ya ganin yaƙi, jinsa yake yi a jikin ƙarfe. Idan aka harba igwa daga sama, jirgin yakan girgiza har haƙoranka su haɗu, kai kuwa idonka na kan ma'aunin zafi da na mai, gumi na tsiyaya, an kulle ƙofofi don kada ruwa ya ratsa idan an fasa jirgin, kuma kowa ya san cewa in aka fasa ɗin mu ne na ƙarshen fita. Sauran lokacin kuwa jira ne, makonni ana kai da komo a bakin gaɓa, ana tsare duk jirgin da ya doso a bincike shi. A cikin wannan ƙunci na ga abin da har yau nake alfahari da shi: Musulmi da Kirista, mutumin Arewa da na Yamma da na bakin teku, kowa ransa yana hannun ɗan'uwansa, kuma ba wanda yake da sukunin tambayar asalin wanda zai miƙo masa hannu.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Sojan ƙasa yana ganin wanda ya harba. Mu makaminmu mafi kaifi shi ne toshe hanya, wanda ba ya ƙara, ba ya barin gawa a gabanka. Jirgin da muka hana wucewa yana iya kasancewa ɗauke da bindigogi, yana kuma iya kasancewa ɗauke da abinci da magani. Sai daga baya muka ga hotunan yara masu kumburarren ciki da siraran ƙafafu, waɗanda tamowa ta cinye, kuma sanannen abu ne cewa yunwa da cuta sun kashe fararen hula fiye da yadda harsashi ya kashe. Har gobe ina kan bakana cewa hana ƙasar nan wargajewa wajibi ne, ina kuma yaba wa Janar Yakubu Gowon da ya hana ramuwar gayya bayan an ajiye makamai. Amma duk wanda ya tsaya gadi a kan ruwan nan ya ce maka bai taɓa kwana yana tunanin yaran nan ba, to, bai faɗa maka gaskiya ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji waɗanda ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suna kiran yaƙi a kafafen sada zumunta, ko suna yi wa wata ƙabila gorin yunwar da iyayensu suka sha. Mu da muka tsare hanyar ruwan ba ma yin wannan gori.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka tura wakilanka su nemi tsofaffin sojojin ruwa da suka rage, har da waɗanda suka yi yaƙi a ɗaya ɓangaren, su ɗauki bayaninsu da bakinsu a buga da Hausa. Mafi ƙanƙanta a cikinmu ya haura shekara 70, ji da gani sun fara raguwa, kuma yawancinmu ba mu rubuta komai ba. Ya kamata ita ma rundunar ta buɗe wa masu bincike littattafan da ake rubuta al'amuran kowane jirgi a kullum, domin a gwada abin da muke tunawa da abin da aka rubuta a lokacin.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, daga kowane ɓangare.

Wassalam,
Wani tsohon sojan ruwa