Auta, zo mu yi maganar barkwancin nan naka

Assalamu alaikum Auta, ya karatu ya sanyin Zariya? Mamanka ta nuna min bidiyoyin da kake ɗorawa a TikTok, na yi dariya ba ƙarya, baiwa ce Allah ya ba ka kuma ba zan hana ka ba. Amma wanda ka kwaikwayi mai in'ina ɗin nan sam bai min daɗi ba, har raina sai da ya sosu.

Akwai wani ɗan barkwanci baƙar fatar Amurka, Dick Gregory, an haife shi a St. Louis a 1932, uban ya tafi ya bar su, uwar ce ta yi ta aikatau a gidajen turawa tana ciyar da su. A 1961 ya samu shiga kulob ɗin Playboy na Chicago, ranar kuma turawan kudu ne cike da wurin, mutanen da ko tebur ɗaya ba sa yarda su haɗa da baƙaƙen fata, amma ya tsaya a gabansu yana yi wa wariyar launin fata shaƙiyanci su kuma suna ta riƙe ciki. Ka lura fa, wanda ke danne mutane ya sa a gaba, kuma ido da ido. Da aka gayyace shi shirin talabijin na Jack Paar cewa ya yi ba zai zo ba sai in za a ba shi kujera a yi hira da shi kamar yadda ake yi wa turawa, aka kuwa ba shi.

Kuɗi sun fara shigowa kenan Medgar Evers, wani mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, ya kira shi jihar Mississippi a 1962 kan haƙƙinsu na jefa ƙuri'a, daga nan shikenan, ya riƙa soke wasanni masu tsoka yana tafiya zanga-zanga. An kulle shi a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, an harbe shi a ƙafa a unguwar Watts ta Los Angeles a 1965 yana ƙoƙarin kwantar da tarzoma, ya yi yajin cin abinci kan yaƙin Biyetnam har ya rame sosai, ya ma nemi shugabancin ƙasa a 1968. A 2017 ya mutu yana da shekara 84.

Ban ce ka bi shi sak ba. Matarsa Lillian ce kusan ita kaɗai ta reni yaransu goma shi yana kan hanya kullum, wannan kam ban yarda da shi ba, iyali ma suna da haƙƙi a kanka. Kuma ka gama digirinka tukuna.

Abin da nake so, in za ka tsokana ka tsokani mai karɓar na goro a shingen hanya, ko ɗan siyasar da ba a ganinsa sai an kusa zaɓe, ko mai ɓoye masara yana jiran ta yi tsada. Mai in'ina, almajiri, kurma, me suka tare maka? Don Allah ka sauke bidiyon nan yau ɗin nan, in kuma wani ɗan ajinku ne ka kwaikwaya ka same shi ka ba shi haƙuri.

Mamanka na gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Babanka