Zumunci da babban yatsa: amsa ga Baffana na Garwa

Assalamu alaikum, Baffa. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka makwancinta.

Tambayarku ta iso ni, har sau uku ma. An ba ni labarin kun yi ta a ƙofar gida ranar sadakar bakwai, gaban liman da dattawan unguwa. Kuka maimaita ta a zauren WhatsApp na dangi cikin saƙon murya na minti 6. Sannan wata 'yar'uwa daga Yawunde ta sake turo min, wai ko ban ji ba. Cewa kuka yi: "A tambayar min ɗan Injamena, yaushe zumunci ya bar ƙafa ya koma babban yatsa? Matar da ta goye shi ta rasu, abin da ya iya shi ne danna waya. Ko ya manta bayan da ya kwanta a kai?" Da a ɗaki kuka tambaye ni, da a ɗaki zan amsa, kaina a ƙasa. Tunda a kasuwa aka yi kiran, ku yi haƙuri in amsa a kasuwa.

Ban da abin Baffa, ita kanta tambayar da babban yatsa kuka aiko ta. Ban ga takalminku a ƙofata ba. To wannan bar shi, wanzami dama ba ya son jarfa.

Kalmar "manta" ce ta hana ni barci, ita zan tsaya a kai.

Kun san Goggo ba ta karanta boko ba, ajami ma sai dai a karanta mata. A da in na rubuta wasiƙa sai na bi tasha ina roƙon direba, in ta isa kuma yaron maƙwabta ne zai karanta, kafin magariba unguwa duk ta san abin da ke ciki. Ranar da jikarta ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana, ranar Goggo ta sami bakinta. Tun daga lokacin kowace Alhamis sai mun yi hira. Ba gaisuwar "muna lafiya" ba, hira sosai: kuɗin gero, ciwon gwiwa, wace ce ta yi yaji, wace ce ta koma ɗakinta. Ina jin zakara a bayanta, ina jin ƙarar turmi, wani lokaci ta manta ba ta saki wayar ba ta shiga yi wa akuya faɗa.

A watan Maris na 2018 gwamnatin Cadi ta toshe WhatsApp da Facebook da sauransu, ba a buɗe ba sai Yulin 2019, lokacin da marigayi Idriss Déby ya ba da umarni. Wata 16 ke nan. Masu hali suka koma VPN, manhajar da ake bi da ita a kewaye toshiyar, wadda ke shanye kuɗin waya kamar rairayi da ruwa. Ni kuwa duk Alhamis bayan la'asar sai in rufe shago, in bi layin gadar Ngeli, in nuna takarda a wannan bakin in nuna a wancan, in tsallaka kogin Logon zuwa Kusuri, garin Kamaru da ke ƙetare. In zauna a bencin wani mai shayi, in cire layin Cadi in saka na Kamaru, in jira. Sai ka ji saƙonninta suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. In saurara, in amsa, in tura mata na magani ta Orange Money, in yi sauri in koma kafin a rufe gada. Mai shayin har ya san ni da "ɗan Goggo". Baffa, in ana maganar ƙafa, wannan ma ai ƙafa ce.

Ku kuma da ke gari ɗaya da ita, tsakaninku bai wuce kuɗin babur ɗaya ba. Ba zan ƙirga muku zuwanku ba, ba tarbiyyar da ta yi min ke nan ba. Ita ma ba ta taɓa kawo ƙararku ba. Abin da takan ce kawai shi ne, "Baffanka ya aiko a gaishe ni." Ya aiko. Shekara 2 tana kwance ina jin wannan kalma. Ashe ba ni kaɗai nake zumunci da aike ba, bambancin dai nawa muryata ce take zuwa, naku yaro ne.

Batun jana'iza ba sai na ja ba. Ta cika bayan asuba, aka kai ta kafin azahar, yadda addini ya ce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kusuri, Dabanga, Waza, Mora zuwa Marwa ya san ba a yi mata gaggawa, tun ma da aikin gyaranta ya tsaya a 2014 bayan an sace ma'aikata 'yan Sin 10 a Waza, balle da damina. Daga Marwa kuma da sauran tafiya kafin Garwa. Rashin zuwana sadakar uku da ta bakwai yana da dalili, na faɗa wa 'ya'yanta, sun karɓa.

Akwai dai laifin da na sani nawa ne, kuma ba shi kuka ambata ba. Tun watan azumi na ji muryarta ta canza. Saƙon da yake kai minti 5 ya dawo rabin minti, tana yi tana hutawa. Na ji da kunnena, na ce bayan salla zan zo, bayan salla na ce sai kaya sun iso. Abin da waya take yi wa mutum ke nan: ka ji murya sai zuciyarka ta ce maka ai ka je. Da babu ita, wataƙila kewa ta kore ni na hau mota tun tuni. Da wannan kuka kira ni ni kaɗai kuka faɗa min, wallahi da kuka zan yi, ba wasiƙa ba.

Amma zauren namu ya daina zama wurin da ake faɗa wa mutum gaskiya, ya zama kotu. An buɗe shi don sanarwar biki da suna da rasuwa. Yau jerin sunaye ake liƙawa, wane ya ba da kaza, wane bai bayar ba, mu na nesa kuwa an ɗauka a bishiya muke tsinko sefa. A zauren nan autar Goggo da ke aure a Duwala ta ga hoton uwarta da "Inna lillahi" a ƙasa, tana tsakiyar kasuwa, tun kafin wani ya kira ta. Ban ji an tambayi wanda ya saka hoton ina ya bar tausayi ba. Ku ne babba a wurin, ku ake kira a raba rigima har a ƙofar fada, kuma shiru kuka yi.

Ba na so in yi zato, zato zunubi. Sai dai mutane suna da lissafi, kuma sun lura tambayar ta zo mako 3 bayan na ce ba zan sa hannu a sayar da gidan kakanmu ba sai an zauna da mata an ji ta bakinsu. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su, ba ni ba. Matsayina a kan gidan yana nan inda yake.

In Allah ya kai mu sadakar arba'in ina tafe, ta hanyar Wazan nan, kuma ƙofarku zan fara durƙusawa kafin ko'ina. Zan zo da wayar. Saƙonta na ƙarshe bai kai minti ɗaya ba, ban tura wa kowa ba, ba kuma zan saka shi a zaure ba. Ta ambace ku a ciki. In kuna son ji, sai mu shiga daga ciki, mu biyu.

Ɗanku na Injamena.