Wasiƙa daga Texas a kan wuƙaƙen makiyaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abokina, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ina jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan Fort Worth lafiya lau, sai zafi, wanda in ka fita da azahar a watan Agusta ba ka ce ka bar gida ba.

Na ga saƙonka kan hoton da na turo maka. Ka ce me zan yi da tsofaffin wuƙaƙe har tara, masu tsatsa, alhali ko fawa ba na yi. Na fara ba ka amsa a waya, na ga maganar ta fi ƙarfin 'yan layuka biyu, shi ya sa na zauna na rubuto.

Waɗannan wuƙaƙen iri ɗaya ne duka, kuma suna da suna. A nan ana ce musu cattle knife, wato wuƙar shanu. 'Yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, in an rufe ta tsawonta bai kai inci 4 ba, galibi 3 da rabi da ɗan ɗoriya. Abin da ake gane ta da shi ƙotarta: kai da gindi duk ɗaya ne, a mulmule, tsakiya ya ɗan fi kauri, ba lanƙwasa ko kaɗan. Cikin ƙotar akwai baki uku. Babban yana da tsini a tsakiya kamar kan mashi, shi ne na aikin yau da kullum, yankan igiya, sassaƙa, yankan abinci. Na biyu gajere ne mai dunƙulallen kai, an yi shi don fiɗiye 'yan maruƙa, kuma da gangan aka hana shi tsini, domin in dabba ta yi shure wuƙar ba za ta nutse inda ba a nufa ba. A jikin wasu tsofaffin har za ka ga an rubuta cewa wannan bakin na tsoka ne kawai, kada mutum ya dakushe shi a kan itace. Na uku ya danganta da mai saye. Wani yana son miƙaƙƙen baki na gyaran kofato, wani kuma yana son basilla, don huda fata in linzami ko majanyin sirdi ya tsinke a daji, babu baduku kusa.

Ka san abin da ya sa abin ya kama ni tun farko. Ni da kai a kara muka tashi, muna bin Baba a baya ranar kasuwar Wudil, muna riƙe masa sanda. Da na zo ƙasar nan na fara jin tarihin makiyayansu, sai na ga burtali ne irin namu, tsawo ne kawai ya bambanta. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, Texas cike take da shanu marasa daraja, arewa kuma ana neman nama ruwa a jallo. Daga 1867 aka fara koro garkuna a ƙasa ta hanyar da ake kira Chisholm zuwa garin Abilene a jihar Kansas, inda jirgin ƙasa ya iso, tafiyar wata biyu ko fiye. Wannan hanya ta nan Fort Worth ta ratsa. Da yawa daga cikin masu koron baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Meziko, ko da yake finafinan kaboyi da muka kalla muna yara ba su nuna mana haka ba. Bai daɗe ba zamanin ya wuce, don a 1874 wani mai suna Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, aka yi ta killace daji, layin dogo kuma ya shigo har cikin Texas. A tsakanin waɗannan shekarun ne maƙera suka fito da wuƙar da ta dace da aljihun mai kiwo, ita ce wannan. Daga baya, wajen 1890, aka yi mata ƙanwa mai lanƙwasasshiyar ƙota da siririn baki, wadda suke kira stockman, ita ce ta ƙwace kasuwa har yau. Wuƙar 'yan sikawut mai mabuɗin gwangwani ma a kan ƙotar wuƙar shanu aka gina ta. Ni dai yayar nake so. Ta fi cika hannu, kuma ba ta da ado.

Ta farko a Canton na same ta, wani ƙaramin gari gabas da Dallas, inda ake cin wata babbar kasuwar gwanjo sau ɗaya a wata, a kwanakin da ke gaban Litinin ta farko. Tana cikin kwalin sigari tare da tsofaffin makullai da maɓallai. Dala 15 na biya. Da na dawo gida na goge gindin babban bakin da ɗan mai, sai ga hoton hannu riƙe da guduma. Wannan tambarin kamfanin New York Knife ne na garin Walden, wanda ya rufe a 1931. Ka ga ke nan ko da a shekararsu ta ƙarshe aka ƙera ta, ta girmi Baba. Na daɗe zaune da ita a hannu a daren nan.

Karatun tambari shi ne rabin wannan sha'awa. Ana buga shi a gindin baki, daidai inda yake shiga ƙota, kuma shi ke gaya maka wa ya ƙera, a ina, wani lokaci har da yaushe. Remington, masu bindiga, sun yi wuƙaƙen aljihu daga 1920 zuwa 1940 kacal, saboda haka duk tsohuwar da ke ɗauke da tambarinsu na asali mai da'ira cikin shekaru ashirin ɗin nan ta fito. Keen Kutter kuwa ba maƙera ba ne, sunan kaya ne na wani babban kantin kayan ƙarfe a St. Louis mai suna Simmons. Akwai na Sheffield ta Ingila da na Solingen ta Jamus, kuma dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, don haka wuƙar Sheffield da babu sunan Ingila a jikinta ana kyautata zaton ta riga dokar. Waɗanda suka fi sauƙaƙa wa mutum su ne Case na garin Bradford a Pennsylvania. Lambar da ke jikin tawa 6345 ce: 6 na nufin ƙotar ƙashi ce da aka sassaƙa, 3 yawan bakuna, 45 kuma lambar samfurin wuƙar shanu. A 1970 sun sa ɗigo goma a ƙarƙashin sunansu, kowace shekara suna cire ɗaya, sai ka ƙirga ka san shekara. Tawa ta riga ɗigo, tana ɗauke da tsohon tambarinsu na kafin 1940.

Ƙotar ma abin kallo ce. Yawanci ƙashin ƙwaurin saniya ne, a tsaga shi, a sassaƙa masa 'yan ramuka don kada ya zame a hannu mai jini ko gumi, a rina shi. Wato saniya ce ta ba da ƙotar wuƙar da za a yi wa ɗanta aiki da ita. Kowane kamfani da salon sassaƙarsa, har tsofaffin masu tarawa kan gane maƙera daga nesa ba su duba tambari ba, kamar yadda Baba ke hango sa ya ce maka daga wace ƙasa aka koro shi.

To, ga inda na rabu da mafi yawan masu wannan harka. Su abin da suke bi da kuɗi shi ne wuƙar da ba a taɓa wasawa ba, wadda ta kwana shekara tamanin a aljihun tebur tana sheƙi kamar jiya aka ƙera ta. Irin wannan sai ta ninka kuɗin 'yar'uwarta da ta yi aiki sau da yawa. Na fahimci dalilinsu, abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Amma ni in na riƙe sabuwa fil ba na jin komai. Wadda nake so ita ce wadda bakin fiɗiyarta ya sirance saboda wasi, har ya koma kamar askar wanzami. Ta Walden ɗin nan haka take. Gefe ɗaya na ƙotar ramukan sassaƙar sun shafe, ƙashin ya yi sumul, daidai inda babban yatsa ke zama, kuma daga yadda ya lashe na gane mai ita bahago ne. Ban san sunansa ba, ba kuma zan sani ba, amma na san ya yi shekaru yana fitar da ita yana mayarwa, yana wasa ta a hankali ba tare da ya ci ƙarfen a banza ba. Mutum ne mai tattalin kayan aikinsa. In na buɗe ta yau sifirin ɗinta na nan da ƙarfinsa, baki ya tafi sumul ya tsaya da ƙara, ƙas, in ka rufe ma haka. Masu harkar suna cewa wuƙa mai lafiya tana tafiya tana magana, kuma wannan ƙarar suke nufi.

Shi ya sa abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu wanke tsohuwar wuƙa da injin gurza. Baƙin ƙarfe in ya tsufa yakan yi wani duhu mai ruwan toka, wanda ba tsatsa ba ne, kariya ce ma daga tsatsa. Sai wani ya ɗauka ya kai wa inji, ya kankare duhun, ya cinye kaifin layukan da maƙeri ya fitar, ya shafe rabin tambari, ya fito da abu mai ƙyalli ya ce sabuwa ce. Na taɓa faɗawa hannun wani irinsu a wata kasuwar wuƙaƙe. Ya sayar mini da ɗaya a dala 90, sai a gida da na sa madubin ƙara girma na ga babban bakin ba nata ba ne, daga wata aka ciro aka dasa, ƙusar da ta riƙe shi sabuwa ce. Kuɗin bai dame ni kamar yadda ya dame ni cewa wuƙa biyu ya kashe don ya haɗa jabu ɗaya ba. Ni abin da nake yi kaɗan ne: ɗigon mai a gaɓa, tsinken sakace don fitar da dattin cikin ƙota, jar tsatsa mai ci kuma in kankare ta a hankali da bakin fensir. Daga nan na tsaya.

Akwai wata asara da na yi wadda har yanzu nake jin ta. Wasu tsofaffin ba ƙashi aka yi musu ƙota da shi ba, wata irin roba ce ta zamanin da mai suna selulod, mai launuka masu kyau. Ashe in ta tsufa takan fara ruɓewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Na ajiye wata mai ruwan zuma a akwati ɗaya da sauran, na yi tafiyar wata biyu. Da na dawo na tarar bakinta ya yi ja daidai inda ya leƙo daga ƙota, Remington ɗina da ke kwance kusa da ita kuma ta yi ƙuraje a gefe ɗaya. Ba su gyaruwa. Yanzu mai selulod tana can ita kaɗai a kan wata kanta, inda iska ke wucewa.

Galibin maƙerun nan sun mutu. Schrade ta rufe a 2004, Camillus a 2007, bayan fiye da shekara ɗari tana aiki. Case na nan, akwai kuma wani ƙaramin kamfani a Titusville mai suna Great Eastern da ya fara a 2006 yana ƙera irin na da, da baƙin ƙarfe da ƙashi. Aikinsu mai kyau ne, na riƙe na gani. Amma yawancin masu sayensu a akwatin gilashi suke ajiyewa. A tsohuwar karar garin nan kuma, kullum sau biyu ake koro 'yan shanu masu dogon ƙaho su ratsa titi don baƙi su ɗauki hoto. Nakan kai yara, ƙahonnin na tuna mini da jajayen shanun Bororo, sai dai nasu a kwance suke miƙewa, namu su tashi sama.

Yanzu ga roƙona. Ka tuna wuƙar Baba mai naɗewa, mai ƙotar itace da zobe a baya, wadda sai ka ja zoben take rufuwa? Ina kyautata zaton Okapi ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Solingen don kasuwannin Afirka, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu. Da ita yake yanka igiya, da ita yake ɓare goro ya miƙo mana. Don Allah in tana nan kada a bari yara su yi wasa da ita, kada kuma a kai ta wurin mai wasi da inji. Ba cewa nake a ba ni ba, taka ce, gadonka ce. Ka dai duba gindin bakin ka ɗauko mini hoton abin da aka rubuta, in Jamus ce ko Afirka ta Kudu, sannan ka ɗauki ƙotar ta gefen da hannunsa ke kamawa. In jikinsa ya yi sauƙi har yana hira, ka tambaye shi a wace kasuwa ya saye ta, da nawa, kuma kafin aurensa ne ko bayansa. Ka rubuta abin da ya faɗa a takarda ka naɗe wuƙar a ciki.

In Allah ya kai mu Babbar Sallah ina hanya, kuma na ware maka ɗaya, wata Keen Kutter mai basilla. Ba ta yanka rago ba ce, ta yi ƙanƙanta, amma wajen gyaran nama za ka ji daɗinta. Mutanen nan suna da camfin cewa in an ba ka kyautar wuƙa sai ka mayar da kwabo, wai kada ta yanke zumunci. Kada ka nemi kwabo, ni kilishi nake so.

Ka gaishe da Baba da jiki, ka gaishe da Inna da uwargida da yara. Maiɗakina tana gaishe ku.

Wassalam,
naka abokin ƙuruciya.